Wanda Aka Ajiye a Juji

Daga Marka 'yar Maikuɗi, da ke zaune a Lokoja inda Kwara ta haɗu da Binuwai, zuwa ga ƙanena Ajuji a gidanmu na ƙasar Maska. Gaisuwa mai yawa, da so, da bege, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da dukan mutanen gida. Allah ya ba ku damina mai albarka, ya tsare ku daga fara da mahara, ya raya abin da ya ba ka. Malam Abdussamad, da aka ce mini shi ke karanta wa mutanen karkara takardunsu, Allah ya gafarta Malam, ina gaishe ka da girmamawa. Ina roƙonka ka karanta masa ita duka, har da wuraren da ba ka yarda da su ba, ka bar wa Allah hukuncinsu. Kuma ka sa shi ya zauna tukuna, don na ji an ce ba ya jin magana a tsaye.

Ajuji, ban mutu ba. Ni ce yayarka da mahara suka ɗauke a fadama ranar da muka je tsinkar ganyen baba na rini, kana ɗan yaro ko bante ba ka fara ɗaurawa ba. Na san kun yi makokina kun gama tun da daɗewa. In kana shakka, taɓa kunnenka na hagu inda aka ɗan yanke gefensa, ni na riƙe maka kai ranar da aka yanka. Ni ce kuma na tsamo ka daga turken awaki ranar da ka shanye ragowar giyar Baba ka kwanta kana minshari, akuya tana lasar maka fuska. Wannan kam ba kowa ya sani ba, don Inna ta hana a faɗa.

Labarina yana da tsawo, kuma ba shi ne ya sa na aiko ba, saboda haka zan taƙaita. Daga hannu zuwa hannu aka bi da ni ta Zariya har ƙasar Nufe, inda na yi shekaru ina niƙa da ɗiban ruwa a gidan mutane. Daga baya aka gangaro da ni bakin kogin nan, masu bin Almasihu suka fanshe ni suka ce in tafi inda nake so. Ban san hanyar gida ba, kuma mace mai zanen fuska irin namu ba za ta yi nisa ita kaɗai ba sai an sake kama ta, sai na zauna. Na shiga hanyarsu da yardar raina, aka yi mini wankan shiga, aka ce sunana Marta. Na yi dariya na ce ashe ba su kai ni nesa da gida ba. Na auri Rabe, Bazazzagi ne mai gyaran kwale-kwale, shi ma irin hanyar da na biyo ya biyo. Shi ne yake rubuta wannan da ajamin da ya koya wajen fatake, in ka ga Malam yana ɓata fuska to laifin hannun Rabe ne. Muna da Adama wadda ta isa tallafa mini a wajen suya, da ƙaninta Bature mai taurin kai irin na gidanmu. Ina toya waina a kasuwar bakin ruwa, ba mu rasa abin sawa a baka ba.

A kasuwar nan ne Allah ya haɗa ni da Maitama bafatake, wanda zai kawo maka wannan takarda. Ƙanshin shuni ne ya fara tsayar da ni, na ga baƙin zane mai ƙyalli irin bugun Maska, sai na ji mai kayan yana ciniki da harshen gida. Na matsa kusa da shi. Ya dubi zanen fuskata ya daɗe yana duba, ya tambaye ni ko ni 'yar gidan Maikuɗi ce, ya ce a gidanmu yake sayen auduga da baba kowace kaka. Na bar wainata a tanda ta ƙone. Tun daga ranar, kullum da yamma yana tsakar gidanmu ina yi masa tambayoyi har ya ce ko alƙali bai kai ni bincike ba. A bakinsa na ji rasuwar Baba da ta Gwaggo Tsohuwa, na yi kukan da ya kamata in yi tun shekarun baya. A bakinsa kuma na ji ka zama namijin gaske, rumbunanka sun fi na kowa a yankin, ka auri Mero, ta haifa maka Ɗanasabe. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina.

Da na tambaye shi Inna sai ya fara kame-kame, ya koma zancen tsadar jakuna. Na matsa masa, sannan ya faɗa mini. Ya ce bara an yi gayya a gonar mai gari, makaɗa suna kiɗa, ka bar dukan samari a baya, ka kai ƙarshen kunya su ba su kai rabi ba. Mata suka yi guɗa, suka jawo Inna gaban mutane suka ce ta dubi abin da ta haifa. Ita kuwa ta kau da kai, ta tofar da yawu, ta ce wannan ai na juji ne, ba ta san shi ba. Ya ce ka karya ƙotar garmarka a gwiwa, ka rantse a gaban jama'a cewa tunda ba ta san ka ba, hatsinka ma ba zai san cikinta ba. Washegari ta ɗaure 'yan kayanta ta tafi gidan Kawu Gwadabe a ƙasar Malumfashi, ba ka hana ta ba, ba ka kuma bi sawunta ba. Ya ce da ya bi ta can neman auduga ya gan ta, idonta ya kusa rufewa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya fita ko bakin danga. Kawu ya gaya masa bai ga alamar za ta ga wata kakar ba. Ya kuma ce tun daga ranar gayyar ba mai iya yi maka magana sau biyu, Mero tana tafiya a gidanta kamar baƙuwa, Ɗanasabe in ya ji tarinka sai ya ɓuya bayan rumbu.

Ƙanena, ba zan ce ba ka da abin fushi ba. Na san za a ce maka ai al'ada ce, kowa ya san ɗan wabi haka ake yi masa, don kada mutuwa ta gane ana son sa, kada kuma bakin mutane ya kama shi. Kai ma ka sani. Amma sanin al'ada bai hana yaro ya so uwarsa ta shafa masa kai ba. Sauran iyaye sukan yi wannan wasan shekara kaɗan, in yaro ya yi ƙwari su saki jiki. Inna ba ta saki ba har ka yi gemu. Ka yi ta noma kamar za ka kashe kanka, kuma ni daga nan na san wa kake nomawa ya gani. Ranar da ka ɗauka za ta ce madalla ko sau ɗaya, ta tofar da yawu. Da Maitama ya kai nan a labarinsa, sai da na tashi na shiga ɗaki, don na ji zafin kamar ni aka yi wa.

To amma akwai abin da idona ya gani wanda naka bai gani ba, kuma yanzu da Baba da Gwaggo suka tafi, ba wanda ya rage da zai faɗa maka sai ni. Tsakanina da kai Inna ta binne 'ya'ya a jere, kowanne sai ya fara dariya ya fara gane ta, sannan ya tafi. Ta ƙarshen, wata 'yar yarinya mai gashi, a bayanta ta mutu tana daka ba ta sani ba. Da aka haife ka, Gwaggo Tsohuwa ta ce wannan kam sai an ɓad da sawu. Ranar suna da hantsi aka sa Inna ta ɗauke ka tsirara ta kai ka juji bayan gida, ta ajiye ka a kan toka da karan dawa, ta juya ba tare da ta waiwaya ba, tana faɗa da ƙarfi cewa ba ta so, mai so ya ɗauka. Abin da kowa ya gani ke nan, shi ne kuma labarin da aka yi ta ba ka. Abin da ba su gani ba shi ne tun da sassafe ta aike ni na share wurin na tsince ƙaya da tsakuwa, na shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin tokar. Ta ɓoye ni bayan zana da sanda a hannu, ta ce in kaza ko shirwa ko kare ya matso kusa da kai, in ban kore shi ba ita za ta kashe ni. Da Gwaggo ta je ta ɗauko ka, na ruga ɗaki in gaya mata. Na same ta durƙushe ta cusa hannunta na dama a baki don kada a ji kukanta, jini yana bin gwiwar hannun. Tabon haƙoranta yana nan a gindin babban yatsa, ta riƙa ce wa mutane wuƙa ce.

Bayan haka ma ina gani. A gaban mutane ta kira ka tarkace, ta ture ka da ƙafa. Amma in ta zuba maka tuwo, naman yana ƙasan akushi ta rufe shi da miya, kai kana ɗauka sa'a ce. In tana niƙa kana wasa a gabanta, bakinta yana motsi tare da dutsen, ni da nake tara mata gari ina jin abin da take faɗa. A bar mini, a bar mini, shi ke nan waƙar niƙanta. Ni kuwa da yake na riga na yi ƙwari kafin mace-macen su fara, ba ta ji tsoron nuna mini so ba. Ta yi mini kitso a ƙofar gida, ta saya mini tsakiya ta sawa a wuya, ta yabe ni a gaban kowa. Sai aka ɗauke ni. Maitama ya ce har yau matan gidan Kawu suna jin ta tana cewa wadda ta yaba ita aka ɗauka, bakinta ne ya sayar da 'yarta. Ka duba wannan da kyau, Ajuji. Tun ranar da na ɓace ta ƙudurta cewa duk abin da ta yaba zai tafi, kuma kai kaɗai ka rage mata. Da matan nan suka jawo ta gaban taro suna guɗa, ido ɗari a kanka, ita ba gayya ta gani ba, fadamar da aka ɗauke ni ta gani. Yawun da ta tofar, tsare ka take yi da abin da ta sani.

Ban ce ta yi daidai ba. Tsoro ya hana ta ba ka abin da yake hakkinka, kuma ba wanda zai maido maka da shekarun. Abin da nake so in faɗa maka shi ne abin da za ka yi da wannan fushin, don ni ma na san nauyinsa. A kasuwar da aka sayar da ni an buɗe bakina an duba haƙorana kamar na jaki. An canja mini suna ba a tambaye ni ba. Na zo garin nan da zuciya cike da mutane, wanda ya ɗaure ni, wadda ta mare ni, wanda ya yi dariya, kullum ina shari'a da su a raina, su kuwa suna can suna barcinsu. Har bayan an 'yanta ni, in aka yi mini alheri sai in nemi inda tarkon yake, don na riga na yarda ni abin da suka ce ce. Wata tsohuwa Bakatsiniya mai suna Inno, da ta dawo daga Saliyo bayan ta sha irin wahalata, ita ta riƙa zama kusa da ni a bakin tanda. Wata rana ta ce mini an kwance mini igiya amma har yanzu ina tafiya kamar mai igiya a wuya, ta tambaye ni wa nake riƙe wa ɗaya bakin. Na yi fushi da ita kwana da kwanaki, amma maganar ta ƙi fita daga kunnena.

Ita ce ta ba ni labarin Yesu Almasihu, wanda Malam ya sani da Annabi Isa, ko da yake a nan ni da Malam za mu rabu kaɗan, sai ya yi haƙuri. Ta ce da aka haife shi ba a sami ɗaki ba, a komin dabbobi aka kwantar da shi. Da ya girma, wajen waɗanda aka yar yake zuwa, yana taɓa kutare da hannunsa, yana cin abinci da waɗanda ake ƙyama. A bayan gari aka kashe shi, wajen da ake kai abin da ba a so, kuma yana cikin azabar yake roƙa wa masu kashe shi gafara. Kabari bai riƙe shi ba. Mu mun gaskata cewa da ransa ya fanshe mu, kuma wanda aka fansa da rai ba mai sake yi masa kuɗi a kasuwa. Ranar da wannan ya shiga zuciyata na daina tambayar mutane ko ni wace ce. Da Maitama ya ba ni labarinka, abin da ya fara zo mini shi ne wanda aka kwantar a komi ya san wanda aka ajiye a juji, ya san shi tun kafin a raɗa masa suna. Ba sai ka cika rumbu kafin ya dube ka ba, kuma ranar da fara ta cinye gonar ba zai kau da kai ba. Kai ma manomi ne, kowace bazara ina kake zuwa da mangala in kana son gona ta yi kyau? Ban taɓa jin ka raina takin da ka kwaso daga juji ba.

Kada ka ɗauka fushin ya tafi rana ɗaya. Abin da nake yi shi ne, in na gangara kogi ɗiban ruwa da safe, sai in kira sunan wanda yake ci mini rai a ranar, in ce Ubangiji karɓi wannan, ya fi ƙarfina, kai ka san yadda za ka yi da shi. Wata rana kafin in kai gida na sake ɗauko abina. Washegari in sake miƙawa. A haka a haka har na wayi gari na tuna matar da ta mare ni, na ji tausayinta ya riga haushinta zuwa. Ba na cewa ka bar hanyar kakanninmu saboda takarda ɗaya, wannan tsakaninka ne da Allah, ni dai kullum ina ambaton sunanka a gabansa. Amma ka gwada wannan ɗaya. In ka isa gona kafin kowa, ka tsaya a bakin kunya ka faɗa masa duka, da zagin da kukan, ba ya gudun fushin mutum. Sannan ka miƙa masa. Rantsuwar da ka yi a gaban jama'a kuwa, na san ita ce take ɗaure maka ƙafa. Waɗanda suka ji ta za su yi maganarka kasuwa ɗaya ko biyu su koma maganar wani. Ɗanasabe shi ne ba zai manta ba, yana kallon yadda ake yi da uwa, kuma yana koyon tsoron ubansa a gidan da ya kamata ya koyi dariya.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Inna ba ta san ina da rai ba. Ni ba zan iya zuwa ba, hanyar ba ta mace irina ba ce, kuma ko na taso yau ban tabbata zan same ta ba. Na roƙi Maitama ya kama bakinsa har sai an karanta maka wannan. In ka ƙi, shi zai je ya faɗa mata, don ba zan hana tsohuwa labarin 'yarta saboda taurin kanka ba. Amma a bakinka nake so ta ji. Ka ɗora wa jaki dawa daga rumbunka, ka riƙe hannun Ɗanasabe, ka tafi gidan Kawu kafin ruwa ya cika rafuka. Ka durƙusa inda za ta ji numfashinka tunda ba ta gani sosai, ka ce mata Marka tana raye, tana da miji da 'ya'ya, ta yi ƙiba har ana yi mata tsiya. Ka ce mata kitson da ta yi mini a ƙofar gida bai kashe ni ba, yabonta bai sayar da ni ba, mugayen mutane ne suka yi, kuma Allah ya fi su. Wataƙila in ta ji haka bakinta ya kwance. Wataƙila kuma tsoron ya riga ya tsufa tare da ita, ta sake ce maka na juji. In haka ta faru kada ka tashi. Ka zauna, ka jiƙa mata fura, ka bari ta laluba fuskarka.

Rabe yana gaishe ka gaisuwar suruki, ya ce in Allah ya haɗa ku zai biya abin da bai biya ba na aurena. Adama da Bature suna gaida kawunsu da ba su taɓa gani ba. Ka gaida Mero, ka ce mata na gode da haƙurinta, na aiko mata da ɗan kwalli da sabulu a hannun Maitama. Ka shafa mini kan Ɗanasabe a gaban mutane, kada ka ji tsoron kowa. Ka gaida Kawu Gwadabe da matan gidansa da suka riƙe mana tsohuwa, Allah ya saka musu. Malam Abdussamad, na gode, Allah ya ƙara girma. Inna kam ban sa gaisuwarta a takarda ba, ban kuma ba Maitama ba. Tana bakinka, Ajuji, kuma ba ni da wata hanyar da za ta kai.

Salamar Almasihu ta kasance tare da kai.

Ni ce yayarka da ta goye ka,
Marka